Jirgi ya iso inda aka ce ya sauko bai gama saukowa ba: tambayoyin da kuke ta yi min

Assalamu alaikum. Tun ranar da na yi subutar baki a wajen mai shayinmu na nan Lugbe nace na taba rubuta rahoto a kaina saboda mun tsallake wani wuri a sama da kafa 600 fiye da yadda aka ce mana, ban kara hutawa ba. Yaran da ke son zuwa Zariya koyon tukin jirgin sama su tambaya, abokai masu hawa jirgi duk sati su tambaya, har gwaggona da bata taba shiga jirgi ba sai na aikin hajji ta bugo waya wai da gaske ne na kusa kayar da jirgi da mutane. Ban kusa kayar da komai ba wallahi. Shi ne nace bari in tattara tambayoyin wuri daya in amsa, wanda ya sake tare ni sai in turo masa wannan in sha shayina da zafinsa.

Wai menene ma wannan sharadin tsayi da kake ta fada?

Sama akwai hanyoyi kamar kasa, ido ne kawai baya ganinsu. A taswirar da muke aiki da ita akwai dige-dige, kowane digo da sunansa, yawanci haruffa biyar ne aka hada yadda za su fadu a baki cikin rediyo, kuma babu komai a wajen, lambobin wuri ne da kwamfutar jirgi ta sani. Jirgin da zai shigo babban fili yakan bi wata tsararriyar hanyar saukowa da ake kira STAR, a jikin wasu dige-digen sai ka ga an rubuta tsayi. In an ja layi a karkashin lambar, ana nufin ka wuce nan a wannan tsayin ko sama da shi. In layin a saman lambar yake, a nan ko kasa da shi. In an ja sama da kasa to babu ciniki, daidai nan za ka wuce. Wani lokacin kuma ba a takarda yake ba, kwantirola, wato jami'in da ke ba jirage umarni ta rediyo daga kasa, shi ne zai fada maka da baki yace sauko ka tsallake digo kaza a kafa 11,000, kai kuma ka maimaita masa, daga nan ya zama alkawari a wuyanka.

Wanda ya rasa sharadin shi ne wanda ya iso digon yana sama da inda aka ce, ko ya riga ya zarce kasa. A lokacin saukowa na farkon ya fi yawa.

Me yasa ake wahalar da ku da shi, sama ai fadi gare ta?

Ka je gadar sama ta Mabushi da yamma ka tsaya ka kalla, wasu motoci na bi ta sama wasu ta kasa babu mai jiran wani. Haka abin yake kusa da filin jirgi, sai dai gadar babu siminti, lamba ce kawai. Masu tashi an ce kar su haura tsayi kaza sai sun wuce wani wuri, masu shigowa an ce kar su sauko kasa da kaza, a bar akalla kafa 1,000 tsakani, wato mita 300 da 'yan kai. Duk wanda ya saba lambarsa ya shiga layin wani kenan.

Sai kuma duwatsu. Filin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana kafa 1,123 sama da teku, na Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos yana kafa 4,232, tsakaninsu a mike bai kai kilomita 200 ba. Agogon tsayin jirgi kuwa daga teku yake kirgawa ba daga kasar da ke karkashinka ba. Kafa 6,000 a kan filin Abuja kana da sarari kusan kafa 4,900 a kasanka, wannan kafa 6,000 din a kan duwatsun Shere kana gaisawa da kololuwarsu ne. Shi yasa in lamba tace ko sama da haka a wuri irin Filato, ba ado aka yi da ita ba.

Akwai kuma mika jirgi daga hannu zuwa hannu. Kwantirolan da ke rike da kai a can sama, na Kano ko na Legas, yana da yarjejeniya da wanda zai karbe ka kusa da fili cewa zai miko ka a tsayi kaza. In ka iso a wani tsayin daban ka bata wa mutum biyu lissafi.

To ba kwamfuta ce ke tuka jirgin ba? Ta yaya kwamfuta za ta manta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min, kuma a nan yawancin matsalar take. Kwamfutar bata mantuwa, amma ita kamar sabon dan aike ce mai biyayya fiye da kima, abin da ka fada mata na karshe shi take yi ko da ya rushe na farko, kuma ba za ta ce maka oga ka tabbata ba. Ita ke lissafa inda za a fara saukowa daga nauyin jirgi da iskar da aka shigar mata da sharudan da ke kan hanya, in komai ya tafi daidai sai ta sauko da kai kamar an zare zare daga kitse. Matsalar ita ce komai baya tafiya daidai.

Misali kwantirola ya tausaya maka yace mike kai tsaye zuwa digo na gaba, kai kana murna an rage maka hanya, ka danna, dige-digen tsakiya suka goge daga allo tare da lambobin da ke jikinsu, sannan hanyar ta gajarce don haka nan take ka koma sama da inda ya kamata kana. Ko a canza titin sauka, a Abuja titi daya ne amma kai biyu gare shi, 04 da 22, ka sake loda hanyar shigowa sai lambar da ka rubuta da hannunka dazu ta tafi ba sallama. Ko kwamfuta ta iso wurin fara saukowa amma ba a juya lambar da ke tagar tsayi, dan gurbin da matuki ke saka tsayin da aka ba shi, zuwa kasa ba, to ba za ta sauko ba, za ta dan nuna sako ta ci gaba da tafiyarta, in ku biyun kuna duba wani abu shi kenan an wuce. Ko iskar da aka shigar tun a kasa ba ita aka tarar ba, ta baya ta fi karfi tana tura ka gaba. Ko an shiga gajimare mai sanyi an kunna abin hana kankara kama inji, shi kuma yana daga karfin inji kadan, jirgi ya ki saukowa yadda aka lissafa.

Sannan akwai maballin kansa. A jiragen Airbus maballin tsayi in ka tura shi ciki ka mika wa kwamfuta ne tana kiyaye duk sharudan hanya, in ka jawo shi waje ka karba ne, za ta zarce kai tsaye zuwa lambar da ke taga bata kallon komai a tsakiya. Turawa da jawowa kawai, maballi daya. Boeing ma suna da irin wannan bambancin tsakanin VNAV, salon da kwamfuta ke kiyaye sharudan, da daya salon na canza tsayi kai tsaye. Shi yasa ake horar da mu duk abin da ka danna ka daga ido ka karanta abin da saman allo ya rubuta da babbar murya, don abin da yatsa ya yi niyya daban, abin da jirgi ya karba daban. A 20 ga Janairu 1992 wani A320 na Air Inter ya daki dutse kusa da Strasbourg a Faransa mutum 87 suka mutu, masu bincike suka ce abin da ya fi kama da gaskiya shi ne matukan sun so gangara ta digiri 3.3 amma salon da jirgin ke kai ya dauki lambar a matsayin kafa 3,300 a minti daya. A lokacin dukansu lamba biyu suke nunawa a taga. Bayan nan ne aka canza yadda tagar ke rubutawa.

Ku kuma baku lissafi da kanku ne?

Muna yi, wanda ya daina yi shi ne ke shiga uku. Lissafin bai fi na mai awo a kasuwar Wuse wuya ba: kowace kafa 1,000 da za ka sauko kana bukatar mil 3, mil din teku nake nufi mai kilomita 1.852. Kana kafa 35,000 aka ce ka wuce digo a 11,000, za ka zubar da 24,000, ka ninka 24 sau 3 ya baka mil 72. In kuma sai ka rage gudu daga not 300 zuwa 250, not daya shi ne gudun mil daya a awa, kara mil daya a kan kowane not 10, mil 5 kenan. Iska na tura ka ta baya da not 40, kara wasu hudu ko fiye. Ka ga tun kana mil 81 ya kamata hanci ya fara yin kasa.

Abin da mutane basa hangowa shi ne saurin da lokaci ke cin mutum a can. Jirgin da ke gudun not 420 yana cinye mil 7 duk minti daya, mil 7 kuwa kafa 2,300 ne da doriya. Minti daya tal, wanda bai ishe ka gama gaisawa da makwabci ba, in ka makara da shi ka ci bashin kafa dubu biyu da wani abu, kuma sai ka biya kafin digon ya iso.

In an makara a danna hancin jirgin kasa mana, me zai hana?

Ka taba gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo da mota dauke da kaya? To ka san gangara da rage gudu basa zama a tukunya daya. Jirgin zamani an kera shi ne ya ratsa iska ba tare da ta rike shi ba, in ka danna hanci gudu zai karu, kuma akwai iyakar gudun da ba a wucewa, ga kuma dokar not 250 a kasa da kafa 10,000 da ake bi a wurare da yawa. Abin da ke hannunka shi ne birkin iska, wadannan faifan da ke mikewa a saman fiffike, in abin ya yi tsanani a sauke tayoyi da wuri in gudun ya halatta. Duk suna taimakawa amma suna da iyaka, kuma gaggawar kanta tana da nata sharrin. Jirgin American Airlines da ya fadi kusa da Cali a Kolombiya ranar 20 ga Disamba 1995, an ba su gajeriyar hanya suka karba, suka shiga sauri da birkin iska a bude, aka shigar da harafin da ya kai kwamfuta wani digon daban ta juya da su cikin duwatsu, da kararrawar kasa ta yi ihu suka ba da wuta don su hau amma birkin nan yana bude ba a mayar ba. Mutum 159 suka rasu, hudu suka tsira.

Kai naka yaya ya faru?

Toh. Lokacin ina sabon mataimaki awoyina basu fi dari hudu a kan jirgin ba, mun taso daga Legas da daddare cikin hunturu, hazo ya rufe ko'ina. Kyaftin din dattijo ne, a haife ya haife ni, shi ke tuki ni ina rediyo. Aka ce mu wuce wani digo a 11,000, na maimaita, ya rubuta a kwamfuta, lafiya lau. Can sai aka sanar an juya titin sauka, ya sake loda hanya, lambar ta goge babu wanda ya lura. Daidai lokacin kuma shugabar ma'aikatan ciki ta kira shi a kan wata tsohuwa da za a tanadar wa keken guragu.

A allon taswirar Boeing akwai wani koren baka da ke nuna inda za ka kai tsayin da ka saka a taga. Ina kallo na ga bakan nan ya fada bayan digon da kamar fadin yatsa daya. Na yi lissafi a zuci, saura mil 20, muna 19,000, za mu zubar da 8,000, muna bukatar mil 24. Na sani sarai ba za mu samu ba. Amma sai zuciya tace kai wa, mutumin da ya fara tuki tun kana firamare ai ya gani. Da ya ajiye wayar nace a hankali, Kyaftin kamar muna dan sama. Ya kalli allonsa, ita kuma kwamfuta tunda sharadin ya goge tana nuna muna kan hanya daram, yace muna daidai. Na ja bakina na yi shiru, hannuna na kan cinya yana zufa. Sai da ya rage mil 10 sannan na bude baki sosai nace Kyaftin an ce 11,000 a digon nan, muna 15,700, babu shi a kwamfuta. Nan take ya ja birkin iska, jirgi ya dau rawa, amma bakin alkalami ya bushe, muka wuce a 11,600. Kwantirola ya tambayi tsayinmu da wata murya da har yau ina jinta. Allah ya taimaka babu kowa kusa.

A cikin bas din ma'aikata bai yi fada ba, ya juyo yace yarona tun yaushe ka gani? Nace tun mil 20 ranka ya dade. Yace to me ya hana ka fada min da lamba, ai "kamar" ba lamba ba ce. Mu biyun muka rubuta rahoto a daren.

Na dade ina juya wannan maganar. Mu an raine mu da cewa yaro baya gyara wa babba magana a gaban mutane, in ma zai yi sai ya kewaya ya nade ta da alkunya, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A dakin tuki kewayen nan mil 10 ya ci mana. Yanzu da nake zama a kujerar hagu, kafin mu tashi nakan ce wa mataimakina in ka ga abu ka fada min da lamba ka kuma daga murya, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Wasu har yanzu sai sun fara da yi hakuri oga, ina ganinsu ina tuna kaina.

Da kun gane ba za ku samu ba me ya kamata ku yi?

Kalma daya ce ta Turanci, anebul, wato ba zan iya ba. Ka fada wa kwantirola tun da nisa, shi kuma yana da dabaru da yawa, ya soke sharadin, ko ya karkata ka gefe ya kara maka mil, ko ya rike wancan mai tashin a kasa kadan. A mil 20 wannan kalmar kyauta ce, babu rahoto babu komai. A mil 2 kuwa labari ka ba shi. Abin da ke hana mutane fada shi ne girman kai da fatan ko za a samu da kyar, kuma kwantirola ma wani lokacin shi ke rike ka a sama har ka makara sannan ya baka lambar da jirgi ba zai iya ba, to in ka amsa ta zama taka.

Ana samun rashin ji a rediyo?

Sosai ma. Kafa 10,000 da 11,000 sun yi kaurin suna a duniyar tuki, don a rediyo lamba-lamba ake fada, daya sifili da daya daya, ga kara ga gajiya ga kunnen da ya riga ya sa ran jin abin da ya saba ji kullum a wannan wurin. Akwai kuma jirage biyu masu lambar kira kusan iri daya, wani ya dauki umarnin wani. Maimaitawa da muke yi don a kama irin wannan ne, sai dai shi ma kwantirolan mutum ne, yana magana da jirage da yawa, ka maimaita ba daidai ba ya wuce shi. A 19 ga Fabrairu 1989 wani Boeing 747 na daukar kaya na Flying Tiger yana shiga Kuala Lumpur aka ce ya sauko 2,400, to a Turanci lamba biyu da kalmar zuwa duk "tu" ake furtawa, suka ji kamar an ce zuwa 400. Suka daki tudu, duka mutum hudun da ke ciki suka mutu.

Naji ana cewa QNH, me ya hada shi da wannan?

Agogon tsayi nauyin iska yake aunawa, don haka sai ka fada masa nauyin iskar wurin a ranar, shi ne QNH. A can sama kowa na saka lamba daya, 1013, don duk agogunan su yi magana daya, in an sauko wani mataki sai a koma ta filin da za a sauka. Kowane maki daya na bambanci kusan kafa 28 zuwa 30 ne. In na fili 1003 ne kai ka manta ka bar 1013, agogo zai rantse maka kana daidai alhali kana kasa da kusan kafa 300. A 23 ga Mayu 2022 wani A320 da ke shiga filin Charles de Gaulle na Paris cikin ruwan sama an ba shi 1011 maimakon 1001, saura kafa 6 ya taba kasa tun bai iso titi ba, matukan basu ma san sun kai haka ba sai daga baya.

In kwantirola ya ba da sabon tsayi, sharudan da ke kan taswira sun mutu kenan?

Ya danganta da kasar da kake, kuma wannan ya rikita manyan kyaftin ma. A tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da aka gyara a Nuwamba 2016, sharudan da aka buga a taswira suna nan daram sai in kwantirola ya soke su da bakinsa. A Amurka kuwa in yace sauko ka tsaya a tsayi kaza, sharudan tsayin da ke hanya sun fadi, sai in ya yi amfani da lafazin sauko ta hanyar STAR din ko ya sake ambatarsu. In ka yi shakka ka tambaya, rediyo ba kati ake sa mata ba.

Gaskiya dai, hatsari ne sosai ko kuna kambamawa ne?

Yawancin lokaci ba abin da ke faruwa, kamar namu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kaucewar da ta wuce kafa 300 daga inda aka ba ka, nan ake kirga ta a matsayin saba tsayi. Kuma akwai masu gadi a bayanka, radar kwantirola na nuna tsayinka, a Najeriya tun 2010 aka kaddamar da aikin rada na kasa baki daya da ake kira TRACON, sannan jiragen fasinja na dauke da TCAS, na'urar da ke magana da ta daya jirgin, in saura dakika 15 zuwa 35 ku hadu ta ce wa daya hau ta ce wa daya sauka.

Amma ranar da aka yi rashin sa'a akwai wani a layin, ba a kwashewa da dadi. A 12 ga Nuwamba 1996 kusa da Charkhi Dadri a Indiya, jirgin Kazakistan mai shigowa Delhi an ce ya tsaya a 15,000, na Saudiyya Boeing 747 mai tashi an ce ya tsaya a 14,000, na Kazakistan ya ci gaba da saukowa, suka hadu, mutum 349, babu wanda ya rayu. Har yau ba a yi karon jirage a sama da ya ci rai kamar wannan ba. Kwana biyar kafin nan, 7 ga Nuwamba, mu ma a nan gida jirgin ADC daga Fatakwal ya fada ruwa a Ejirin yana saukowa Legas, mutum 144 ciki har da Farfesa Claude Ake. Wancan ba matuki ne ya saba sharadi ba, rabon jirage ne ya cakude tsakanin mai shigowa da mai tashi, wajen kaucewa jirgin ya kwace. Na kawo shi ne don ka ga wurin da mai sauka da mai hawa ke giftawa ba wurin wasa ba ne. Ita kuma TCAS sai an bi ta take amfani, a Überlingen ta Jamus ranar 1 ga Yuli 2002 na'ura tace wa jirgin Rasha ya hau kwantirola yace ya sauka, suka bi kwantirola, mutum 71 suka mutu da yawansu yara 'yan makaranta. Yanzu doka a fili take, in na'ura ta ba da umarni ita ake bi.

Ana kwace lasisi ne in mutum ya yi?

A kan kuskure daya da ba ganganci ba kuma ka kai kanka, da wuya. A nan NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ce mai lasisi kuma ita ke da ikon hukunci, kwantirololi na karkashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, suna rubuta nasu rahoton, NSIB kuma tana binciken hatsari da manyan abubuwan da suka kusa zama hatsari, aikinta gano dalili ne ba neman mai laifi ba. Abin da aka fi yi shi ne ofishin kiyaye hadura na kamfani ya kira ka ku zauna, wani lokacin a mayar da kai na'urar koyon tuki ka maimaita abin. Boyewa ce ke kashe mutum, don jirgi na nadar bayanan kowace tafiya ga rada ga faifan rediyo, in aka gano ka yi shiru to maganar ta tashi daga kuskure ta koma rashin amana.

Wannan al'adar ta kai kai da jini aka saye ta. A 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA mai lamba 514 yana shiga filin Dulles kusa da Washington, aka ce an ba su izinin shigowa, suka dauka hakan na nufin su sauko 1,800 nan take alhali taswira ta nuna 3,400 a yankin da suke, suka daki dutse mutum 92 suka mutu. Da aka bincika sai aka tarar sati shida kafin nan matukan United sun yi irin wannan fahimtar a wurin, suka tsallake da kyar, sun kuma ba da rahoto amma a cikin kamfaninsu labarin ya tsaya. Daga nan ne a 1976 aka kafa tsarin ASRS a hannun NASA, matuki ya rubuta kuskurensa cikin kwana 10 a cire sunansa a raba darasin ga kowa, in ba da gangan ya yi ba a dauke masa hukunci. Gani ga wane ai sai an bari an ga wanen.

Ni fasinja ne kawai, zan iya gane ana wannan fama daga kujerata?

Lambar kam ba za ka sani ba, amma alamun biyan bashi kana iya ji. In kana kusa da fiffike ka ga faifai sun mike a samansa jirgi ya dau wata 'yar rawa da gurnani, birkin iska ne, kuma ba alamar matsala ba ce, kusan kullum ana amfani da shi. In ka ji kugin tayoyi sun fito tun gari na can nesa, watakila an rike su a sama ne suna neman zubar da tsayi. Toshewar kunne kuma Hajiya ba lallai gangarar jirgin ba ce kai tsaye, iskar cikin dakin fasinja tana da nata tsarin saukowa a hankali, mura ce ke kara tsananta shi, ki hadiyi yawu ko ki tauna cingam. In kuma kika ga an karkata an dan yi kewaye kin hango dutsen Zuma ta tagar da ba ki saba ganinsa ba, mai yiwuwa wani ne a gaba ya ce ba zai iya ba aka kara masa hanya. Minti biyu ko uku zai kara muku, go-sulon Lugbe na jiranki a waje da ninkinsa goma.